Karcen da Baffa Ya Goge

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka juriya a kan wannan aiki naka na yini a tsaye, ya sa albarka a cikin abin da kake samu, ya tsare ku daga sanyin nan da kake ba mu labari, wanda har yau Inna ba ta yarda akwai irinsa a duniya ba. Hotunan da Anti ta turo mun gan su. Babban naka ya miƙe sai ka ce ana jan shi da igiya, ƙaramar kuwa goshin Inna ta ɗauko sak, kuma Inna ta ce a faɗa maka wannan goshi gado ne, ba abin tsokana ba.

Mu ma nan sai godiya. Baba ya dawo gida tun ranar Litinin, yana cin abinci, yana ɗan takawa daga ɗaki zuwa ƙofar gida, har ya fara faɗan a rage ƙarar rediyo, ka kuwa san in ya fara faɗa to sauƙi ya samu. Gwiwar Inna tana nan yadda ka san ta, yau lafiya gobe ɗingishi. Auta ta fara aiki a shagon ɗab'in nan da na gaya maka, ba a ganinta a gida sai yamma, ta dawo hannu duk tawada. An gyara rufin kicin da yake yoyo. Baban yara yana lafiya, yara ma haka, ni kuma ina nan ina fama da 'yan aji huɗu, muryata duk ta dishe.

Yaya, abin da ya sa na zauna na ɗauki biro alhali ga waya a hannuna shi ne, maganar da zan faɗa maka ba ta faɗuwa a waya. Na gwada sau biyu, da na ji muryarka sai na ɓige da tambayarka ya aiki. Kuma duk lokacin da ka kira, Baba yana kusa ya kasa kunne. Shi ya sa da na ji abokin aikinka da ya zo hutu zai koma jibi, na ce bari in rubuta komai in ba shi. An ce maka gajiya ce da ɗan zazzaɓi suka kwantar da Baba a asibiti. Ba haka ba ne. Suga ne ya hau masa har ya kusa tafiya da shi, kuma abin da ya jawo haka shi nake so in faɗa maka.

Ka tuna na'urar gwajin suga da ka aiko bara, 'yar ƙaramar nan mai baƙar jaka mai zif. Ka kuma tuna kai da bakinka ka ɗora wa Baffa aikin gwajin, tunda shi ne yake zaune a ɗakin waje, ba ya zuwa ko'ina tun da ya rufe garejinsa, ni kuwa ina gidana, sai Asabar nake zuwa. Aka tsara kullum da safe kafin karin kumallo ya huda wa Baba yatsa, ya sa jinin a ɗan tsinken gwaji, ya rubuta lambar da ta fito a cikin littafi. Ni kuma ranar Asabar in kwafe lambobin mako in turo maka. Likita ya ce in lamba ta haura ɗari biyu da hamsin a kawo shi ba tare da jira ba. Haka aka yi ta yi wata da watanni ba wata matsala. Sai ranar da suka je ganin likita, Baba ya zura na'urar tsirara a aljihu tare da makullai, suka dawo da ɗan karce a gilashinta. Na gan shi da idona a Asabar ɗin nan. Siriri ne kamar zare, ya ratsa ta kan lambar farko, in ka ɗan karkata na'urar kana ganin komai tar. Na ce a bar shi, ba ya hana komai. Baffa ya kalle ni ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci, ya ce wai shi da ya shekara talatin yana fitar da karce a jikin motocin manya, ba wani ɗan gilashin da bai kai tafin hannu ba da zai zauna da tabo a gidan da yake.

Sauran labarin daga baya na tattaro shi, wani daga bakin Inna, wani daga bakin Auta, wani kuma na'urar da kanta ta nuna. Da yawu ya fara. Ya tofa a kai, ya murza da bakin rigarsa, ya ɗaga sama ya duba, ya sake tofawa. Da bai yi ba, washegari ya matso man goge baki, ya ɗauko tsohon buroshinsa, wanda ya gama cin zamaninsa a bakinsa har gashin ya baje, ya yi ta dirza. Daga nan wani cikin abokan hirarsa ya ce masa ya gani a waya ana yi da ɓawon ayaba, sai ya shafe ta da ɓawon ayaba ya ajiye a taga wai ta sha, tururuwa suka yi mata layi. Ya karkaɗe su ya koma farin ƙwai da man girki. Abin gogewar kuwa, Yaya, ka san wannan tsumman da yake rataye a ƙusa bayan ƙofarsa tun muna yara, wanda yake goge takalmi da shi, ya goge sarƙar keke, in mura ta kama shi ya kai shi hanci? To shi ne. Abin da ake sa jinin mahaifinmu a ciki kullum safiya, shi ake mulke wa da wannan tsumma. Inna ta ce ta yi magana sau ɗaya, ya tambaye ta ko ta taɓa ganin ya shiga kicin ya sa mata baki a kan tukunya.

Da duk waɗannan suka ƙi, sai ya koma sana'a sosai. Ya jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, ya fito da gwangwanin man ƙyallin mota wanda ya fi Auta shekaru, ya bushe ya tsattsage, ya jiƙa shi da kananzir ya lafta. Bayan shi toka. Bayan toka, sanfefa, takardar nan mai kaushi da ake goge ƙarfe da ita. Auta ta ce ta dawo daga aiki ta same shi zaune a kan benci ya matse na'urar tsakanin gwiwoyinsa, yana goga yana busawa, wasu 'yan ɓarɓashi farare suna tashi, ya nuna mata cike da murna ya ce ga karcen nan yana fita. To karce dai ya fita, don ba a ƙara ganinsa ba. Gilashin gaba ɗaya ya koma fari fat kamar idon dafaffen kifi. Ba lamba, ba alamar lamba, sai dai wani duhu-duhu yana motsi a ciki in an kunna.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya za mu yi, mu nemi wata na'urar, a wuce wurin. Ɓarna ce kawai, kuma kowa yana ɓarna. Abin da ya cika ni da ƙyama shi ne littafin bai tsaya ba. Na'ura ta makance, amma littafi yana ta cika. Ɗari da goma, ɗari da takwas, ɗari da sha biyar, ɗari da sha biyu, da rubutunsa mai kyau, kowace lamba a layinta, har da kwanan wata. Mako uku cur. Ni kuma in zo ranar Asabar in buɗe littafi in kwafe in turo maka, kai kuma ka turo alhamdu lillahi, har ka kira Baffa kana yi masa godiya, kana cewa tun da ya kama aikin nan sugan Baba ya daidaita. Ina tsaye a wurin ranar. Na ga yadda ya gyara zama yana shafa gemu, yana ce maka ai ba komai, yi wa kai ne, kula da ɗan'uwa sai wanda ya iya. Ko ƙifta ido bai yi ba.

A cikin makonnin nan kuwa jikin Baba yana ta magana, mu ne muka toshe kunne. Ruwa ba ya isarsa, ya shanye kofi ya miƙo a ƙara. Ban-ɗaki kuwa kamar an aike shi, ya je ya dawo ya koma. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ana hira sai ka ga kansa ya langaɓe. Wani ɗan ƙurji ya fito masa a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Inna ta ce hankalinta bai kwanta ba, Baffa ya ɗauko littafi ya buɗe mata a fuska, ya ce zafi ne kawai da tsufa, ga shaida nan baƙi a kan fari. Kuma don in faɗa maka gaskiya, da ta yi mini maganar ni ma abin da na ce mata ke nan, na ce Inna ki kwantar da hankalinki, lambobinsa lafiya lau.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe ɗaya na rana ina cikin aji Inna ta kira ni tana kuka. Baba ya zame daga kan kujera, bakinsa ya bushe ƙayau, yana kallonta yana kiranta da sunan mahaifiyarsa. Maƙwabcin nan mai tasi, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ɗauke su. Na isa asibiti da alli a hannuna ban ma sani ba. Suna gwada shi lamba ta nuna ɗari huɗu da tamanin da wani abu. Ka san abin da ƙanwarka ta yi? Na zaro littafin nan daga jakar Inna na buɗe wa likita, na ce lallai na'urarsu ce take da matsala, don yau da safe ɗari da sha ɗaya aka samu a gida. Ni, malamar makaranta, ina musu da likita a gaban mutane da littafin ƙarya a hannuna. Bai yi fushi ba. Ya duba shafin sama da ƙasa, ya ce shi dai tun da yake aiki bai taɓa ganin jinin mutum mai ladabi irin wannan ba, mako uku bai taɓa ko tsallake layi ba. Ya ce a kawo masa na'urar gidan ya gani. Aka sa wa Baba ƙarin ruwa da allurai, ni kuma na kira Auta na ce ta biya gida ta ɗauko.

Yaya, da ma ƙasa ta tsage na shige. Nas ɗin da take kula da ɗakin, wata dattijuwa mai tabarau, ita ta karɓi jakar a kan teburinta, ga majinyata da masu jinya kowa ya zuba ido. Tana zuge zif ɗin wani wari ya bugo, ƙarnin ruɓaɓɓen ƙwai da kananzir da tsamin tsohon man goge baki duk a haɗe. Matar da take jinyar mijinta a gadon kusa ta toshe hanci da gefen mayafi. Nas ta ajiye, ta je ta sa safar hannu, ta dawo ta ɗaga na'urar da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Ramin da ake zura tsinken gwaji ya toshe da wani busasshen abu, fari a sama, baƙi-baƙi a ƙasa inda jini ya haɗu da shi. Matattun tururuwa sun manne a gefen maɓallan. A kusurwar jakar, inda ake ajiye auduga mai tsabta, har da ƙwan kyankyaso. Na fita da sauri na tsaya a bakin famfo.

Da na dawo sai nas ɗin ta yafito ni ta ce in matso in gani. Ta sa farce a kusurwar gilashin, inda sanfefa ba ta kai ba, ta ɗago wata 'yar siririyar leda, ta ja ta a hankali ta zagaye gefen gaba ɗaya. Ƙarƙashinta gilashi sabo fil yana ƙyalli, sai tsakiyar ce kawai ta mutu. Ashe ledar da kamfani yake manna wa sabon kaya ce ba wanda ya taɓa cirewa tun da ka aiko. Ta ce bisa ga dukkan alamu karcen makullin nan a kan ledar ya tsaya, da an sa farce an ɓare ta, da shi ke nan. Ɓarɓashin da Baffa yake busawa yana murna, ledar ce yake ci, da ya gama da ita ya shiga gilashin. Ta tambaye ni wane yaro ne aka bar wa na'urar ya yi wasa da ita. Na rasa bakin da zan ce mata ƙanin mahaifina ne, mai shekara sittin da bakwai.

Shi kuwa gogan naka da ya iso da yamma, maimakon ya sunkuyar da kai sai ya hau borin kunya. Wai kayan yanzu ne ba su da aminci, gilashin ƙarya ne aka sa, da na mota ne da tuni yana walƙiya. Na daure na ce Baffa, to lambobin nan fa, a ina kake ganinsu? Ya ce wai shi ya riga ya saba da na'urar, daga irin ƙarar da take yi yana gane lafiya ce ko ba lafiya ba, kamar yadda yake gane ciwon injin daga sautinsa. Na kalli bakin da wannan magana ta fito, na kalli Baba kwance da robar ƙarin ruwa a hannu. Ba don tarbiyyar da aka yi mana ba, da ranar an ji abin da ba a taɓa ji ba a bakina. Na haɗiye, na ɗauki buta na fita.

Na ɗauka na gama ganin abin takaici, ashe da saura. Ranar Asabar da hantsi, hankalin Baba ya dawo sosai, daga ni sai shi, ina wanke masa ƙurjin ƙafarsa ina ta faɗar abin da ke raina a kan Baffa. Sai ya ce in daina cin mutuncin ƙaninsa, shi ma ya sani. Na ɗago na ce ka san me, Baba? Ya kau da kai ya ce tun ranar da gilashin ya yi fari ya sani, ai ba makaho ba ne shi. Ashe tare suka ƙulla. Kullum safiya sai Baffa ya huda masa yatsa kamar gaske, don Inna ta ga audugar da jini, ya ɗaga na'ura ya ƙura mata ido, ya faɗi lamba da ƙarfi yadda za a ji daga kicin. Daga nan su shige ɗakin waje su tura ƙofa, a haɗa shayi da sukari cokali uku-uku da madarar gwangwani, a fasa biskit, da rana kuma a aika a sayo lemon kwalba mai sanyi. Ya ce, yana ɗan murmushi kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya, wai rabonsa da ya ji shi mutum ne kamar kowa tun kafin ciwon nan, sai a makonnin nan uku. Yaya, ban ji tausayi ba a lokacin, kada in yi maka ƙarya. Na tuna Inna da take tashi ta yi girki kashi biyu da gwiwar nan tata don kada ya ci abin da zai cuce shi, na tuna kai da kake yini a tsaye cikin sanyi kana aiko magani, su kuwa suna bayan ƙofa suna lasar cokali suna yi mana dariya. Na gama ɗaure masa ƙafar, na wanke hannuna har sau uku.

Ni ma ban wanke kaina ba. Asabar uku ina shiga gidan nan, jakar tana kan tebur kusa da littafin, ban taɓa zuge ta ba. Lambobin sun yi mini daɗi ne, shi ya sa ban bincika ba. A aji in yaro ya kawo mini lissafi duk daidai babu ko gogewa ɗaya, nan take nake sanin kwafa ya yi, amma a kan ran mahaifina na karɓa na sa hannu na turo maka. Wannan yana cikin abin da ya hana ni magana a waya.

Ranar Litinin da za a sallame mu, Baban yara ya sayo sabuwar na'ura a kantin magani, nas ta ce in zo ta koya mini da kyau. Abu na farko da ta yi shi ne ɓare ledar a gabanmu, ta ɗaga ta sama kowa ya gani. Sai ta ce tana son yatsa ɗaya ta nuna mini yadda ake hudawa, ba na Baba ba, don nasa duk sun sha huda. Kafin in miƙa nawa, Baffa ya riga ya turo nasa, yana cewa ai shi ya san aikin, a yi a kansa in gani. Ta goge, ta huda, ta sa tsinke. Lamba ta fito ɗari uku da arba'in. Ya karɓi na'urar ya karkata ta nan, ya karkata ta can, ya nesanta ta, ya matso da ita, ya ce wannan ma akwai hazo a gilashinta. Nas ta ce babu komai a gilashin, sabo ne. Ta sake gwada ɗaya hannun, kusan haka. Aka kira likita, ya aika shi ɗakin gwaji, aka tabbatar. Shi ma ciwon ne, kuma ya daɗe a jikinsa.

A hanyar dawowa, Baffa yana zaune kusa da ni a bayan tasi har muka kusa gida. Can sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba tare da ya kalle ni ba. Ya ce tun kafin makulli ya taɓa na'urar nan ya fara ganin lambobin dishi-dishi, wasu ranaku sai ya lalubo su da ƙyar. Da karcen ya fito sai ya ji daɗi, ya ce ga dalili ya samu. Ya yi ta gogewa yana jiran gani ya washe, bai washe ba, shi ya sa ya yi ta ƙara ƙarfi. Ya ce bai iya buɗe baki ya ce maka idonsa ne ba, bayan ka yarda da shi a gaban kowa, kuma wannan ne kaɗai aikin da ya rage ana tambayarsa a gidan. Likita ya ce yawan suga yana kawo irin wannan, kuma in aka kula da wuri ana iya samun sauƙi. Na ji wani iri, ba zan ɓoye ba. Amma na ce masa Baffa, rashin gani ba laifinka ba ne, rubuta abin da ba ka gani ba fa? Har yanzu in ya miƙo mini hannu sai na tuna tsumman nan, kuma ban san ranar da zan daina ba. Tsumman dai na sa Auta ta ɗauke shi da tsinke ta jefa a shara, buroshin ma haka.

Yanzu ga yadda muka tsara. Na roƙi shugabar makarantarmu ta mayar mini da darasin farko zuwa na biyu, ta yarda. Kullum ina fitowa da wuri in biya ta gida kafin in wuce aiki. Na'urar a jakata take kwana, ba ta yini a gidan nan ko na awa ɗaya. Ina isa in tarar da su biyu a kan benci, wa da ƙani, kowa ya wanke hannu da sabulu a gabana, kowa ya miƙo yatsa ya kau da kai. Ni nake karanta lamba, Inna ta leƙo ta gani da idonta, sannan in rubuta. Yau Baba ɗari da saba'in, Baffa ɗari biyu da sittin, kuma ka zo ka ga Baba yana yi masa gori wai shi ya fi shi biyayya ga likita. Shayinsu ba sukari, suna sha suna yamutsa fuska kamar ana ba su maɗaci, Inna kuwa ta kulle gwangwanin a akwatinta ta rataya makullin a wuya.

Abin da nake roƙonka, ka kira Baffa da kanka. Kai ka ba shi aikin, kai ya kamata ka karɓe, don jiya ma ya fara cewa in bar na'urar a gida kada wahalar ta yi mini yawa. Ni ba zan iya faɗa masa fiye da abin da na faɗa ba, ƙanin uba ne. Kada ka zage shi, amma kuma don Allah kada ka yi masa wannan laushin naka har ya ɗauka ba a yi komai ba. Baba ma ka yi masa magana, ya fi jin nauyinka. In za ka yi aike, tsinken gwaji na mutum biyu za ka sa, kuma ka gaya wa Anti ina godiya da alewar da take sakowa a cikin kaya, amma daga yau ta tsaya.

Ka gaishe mini da Anti ƙwarai da gaske, ka shafa mini kan Babban da Mai Goshi, ka ce musu Gwaggo tana kewarsu. Inna tana gaishe ku tana sa muku albarka, ta ce ka riƙa rufe kunnuwanka in za ka fita. Baba yana gaisuwa, bai san na rubuta wannan ba. Auta da Baban yara da yarana duk suna gaishe ku, haka ma Kawu da iyalinsa da maƙwabcinmu mai tasi. Baffa ya ga ina ninke takarda ya tambaya ko kai nake rubuta wa, na ce e. Ya ce in ce yana gaishe ka. To ga shi na isar.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu haƙurin zama da su, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ƙanwarka, Malamar aji huɗu.